Ranar da Teku Ya Hau Tudu: Nazarin Tsunamin Aceh na 2004

Ƙarfe 2 saura minti 2 na dare agogon Nijar, daren Asabar wayewar Lahadi 26 ga Disamba 2004, ƙasan teku ya tsage a yammacin tsibirin Sumatara na ƙasar Indonesiya. A nan Damagaram tsakiyar hunturu ne, kowa na cikin bargo, maniyyata na haɗa kayan tafiya domin watan Zulƙida ya raba tsakiya. A can kuwa gari ya riga ya waye, ƙarfe 8 saura minti 2 na safe, masunta sun fita, mata na aikin gida, yara ba makaranta. Ruwan da ya biyo bayan wannan girgiza, wanda ake kira tsunami, ya ci mutum kusan 228,000 a ƙasashe 14. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Damagaram mutum kimanin 235,000. Mutum ya haɗa Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam da duk sauran unguwanni, kusan adadin ke nan.

Indonesiya ita kaɗai ta rasa kimanin 167,000, kusan dukkansu a lardin Aceh da ke ƙuryar arewacin Sumatara. Musulmi ne mutanen lardin, har ana yi masa kirari da zauren Makka, domin daga nan alhazan tsibiran suke hawa jirgin ruwa a da. To a cikin wannan lardi akwai tsibirin Simeulue, wanda ya fi babban birnin lardin, Banda Aceh, kusa da inda girgizar ta fara nesa ba kusa ba. Mutanensa kimanin 78,000 ne, yawancinsu mazauna bakin teku. Ruwa ya share musu ƙauyuka, amma mutum 7 suka rasa. Wannan tazara ita ce ta riƙe ni a kan lamarin, kuma ba za a gane ta ba sai an fara gane abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa, da yawan lokacin da kowace gaɓa ta samu kafin ya iso.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa

Ɓawon duniyar da muke takawa a rarrabe yake, manyan faya-fayan dutse ne da ke motsi a hankali, ƴan santimitoci a shekara. A yammacin Sumatara, faifan da ke ɗauke da Indiya da ƙasan tekunta yana kutsawa ƙarƙashin wani ƙaramin faifai da ake kira na Bama, a wani dogon kwazazzabo na ƙasan teku mai suna Sunda. Da shigar tana tafiya sumul, da ba wanda zai ji komai. Amma fuskokin biyu sukan cije. Na ƙasa ya ci gaba da turawa, yana jan leɓen na sama yana tanƙwara shi, shekaru ɗaruruwa. Ranar da dutsen ya kasa jurewa sai ya suɓuce, leɓen da aka tanƙwara ya miƙe ya koma sama farat ɗaya.

A wannan safiya suɓucewar ta fara ne a zurfin kilomita 30, kimanin kilomita 250 daga birnin Banda Aceh, ta yi ta yagewa tana yin arewa har tsibiran Andaman, tsawon kusan kilomita 1,300. Daga nan zuwa Yamai kilomita 900 ne, a ƙara rabin hanyar kuma. A wurare da dama dutsen ya zame da mita 15 ko fiye, ƙasan teku ya tashi da mitoci. Girgizar da aka saba ji takan wuce cikin daƙiƙu, wannan kuwa ta kai minti 8 zuwa 10. An auna ta maki 9.1 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, wasu masana na kai ta 9.3. Tun da aka fara awo da na'ura, ta Chile a 1960 da ta Alaska a 1964 ne kaɗai ake sawa a gabanta.

Idan na zo wannan darasi nakan fitar da yara tsakar makaranta da daro cike da ruwa, da faranti a nutse a ƙasansa. Mu fara hura iska da baki: saman ruwan ya yi ƴan ƙananan igiyoyi, ƙasa shiru. Irin igiyar da iska ke tayarwa a teku kullum ke nan. Sai wani yaro ya naɗe hannun riga ya ja farantin gefe, ruwan ya ɗan motsa ya kwanta. Sai in ce ya ɗaga shi sama da ƙarfi. Nan take ruwan duka, tun daga ƙasa, ya yi tozo a tsakiya, ya watsu ya zubo ta bakin daron ya jiƙa ƙafafun na gaba.

Shi ya sa yawancin girgizar ƙasa ba ta haifar da tsunami. Sai ta kasance a ƙarƙashin teku, ba ta yi zurfi ainun ba, tana da ƙarfi, galibi sama da maki 7, kuma ta ɗaga ƙasan ruwan ko ta nutsar da shi. Wannan yanki ya ba da shaida da kansa: ranar 11 ga Afrilu 2012 an yi girgiza mai maki 8.6 a tekun da ke yamma da Aceh, amma duwatsun gefe da gefe suka goga, igiyar da ta iso gaɓa ba ta wuce kimanin mita ɗaya ba.

Gudun tsunami a kan zurfin ruwa ya dogara. Inda zurfi ya kai mita 4,000 yana yin kusan kilomita 700 a awa, gudun jirgin sama. Duk da haka a tsakiyar teku ba ya ban tsoro ko kaɗan, domin tudunsa a baje yake, daga wannan tozo zuwa na bayansa kilomita ɗaruruwa. Wani tauraron ɗan'adam mai suna Jason-1 ya ratsa saman tekun Indiya awa 2 bayan girgizar, ya auna tsayin igiyar kimanin santimita 60. Masunta da yawa da ke can nesa ta wuce ta ƙarƙashin kwale-kwalensu ba su ankara ba, sai da suka dawo suka tarar ba gari.

Bakin gaɓa ne abin ke sauya kama. Da zurfi ya ragu sai gaban igiyar ya rage gudu, a zurfin mita 10 ya dawo kamar kilomita 36 a awa, bayanta kuma yana tahowa da ƙarfinsa, sai ruwan ya hau kan juna ya yi tsayi. Wanda ke da hoton igiya mai lanƙwasa ta fashe ta koma a ransa, ya ajiye shi. Teku ne gaba ɗaya ke tashi ya shigo tudu, yana ta shigowa minti bayan minti ba tsayawa. Ruwa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne, jarka 40 masu lita 25. Kilomita 36 a awa kuwa ya fi gudun kusan kowane mai gudu, balle mai goyo.

Shimfiɗar tsagar ma ta yi tasiri. Daga kudu zuwa arewa ta kwanta, don haka ƙarfin ruwan gabas da yamma ya nufa. Bangladesh da ke arewa, duk da ƙasa ce a kwance dab da ruwa, mutum 2 ta rasa. Somaliya da ke kusan kilomita 5,000 yamma ta rasa kimanin 300. Haka kuma ɓangaren gabas na ƙasan tekun nutsewa ya yi lokacin da na yamma ya tashi, shi ya sa a Sumatara da Tailan ramin igiyar ne ya fara isowa, teku ya ja da baya kafin ya dawo.

Banda Aceh

Da girgizar ta fara ba mai iya tsayuwa da ƙafarsa. Mutane suka fito waje suka zauna a ƙasa ana ta salati. Da ta lafa, wasu suka shiga duba tsagar bango, wasu suka tafi kallon gine-ginen da suka faɗi, wasu suka koma ciki ɗauko abin da suka bari. A bakin teku ruwa ya janye nesa, ƙasan da ba a taɓa gani ba ya fito fili, kifi na ta wutsil-wutsil a kan yashi, manya da yara suka sauka tsinta. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun ce sun ji ƙara irin ta fashewar bam daga wajen teku. Lardin na cikin yaƙi tsakanin soja da ƴan awaren GAM tun 1976, don haka wasu suka ɗauka faɗa ne ya tashi. Kimanin minti 20 suka wuce a haka.

Ruwan da ya shigo birnin baƙi ne wuluk, ya kwaso laka daga ƙasan teku. Kafin ya yi kilomita ɗaya ya zama tarkace mai tafiya: katako, kwanon rufi, motoci, jiragen masunta, itatuwa da saiwarsu. Mutane da yawa waɗannan kaya ne suka kashe su tun kafin nutsewa, iya iyo bai amfane su ba. Banda Aceh a shimfiɗe take, ruwan ya shiga kilomita 3 zuwa 4. Akwai wani jirgi mai ɗauke da injin wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, yana ɗaure a tashar Ulee Lheue. Ruwa ya ɗauke shi ya dire a tsakiyar unguwa kilomitoci cikin gari, yana nan har yau ana zuwa ganinsa. A gaɓar yamma, wajen Lhoknga, tsayin ruwan ya kai mita 30. Kuma ba sau ɗaya ya zo ba. Igiya ta biyu ta fi ta farko a wurare da yawa, komawarsa teku kuma ta ja abin da shigowarsa ta bari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin suka rasu. A Siron kaɗai, kusa da birnin, an binne fiye da mutum 40,000 a kabarin bai ɗaya, ba a san sunan mafi yawansu ba. Allah ya jiƙansu.

Hoton da ya fi yawo a duniyar Musulmi shi ne na masallacin Rahmatullah a Lampuuk, yana tsaye shi kaɗai, duk abin da ke kewaye da shi an share. Babban masallacin Baiturrahman ma ya tsaya, mutane da yawa suka tsira a cikinsa. Allah ne ya kiyaye, kuma sababin a bayyane yake ga injiniyoyin da suka duba: ginshiƙan kankare da rodi, tushe mai zurfi, da manyan ƙofofi a buɗe ta kowane gefe, ruwa ya ratsa ya wuce bai samu bangon da zai tura ba. Benayen mafaka da aka gina daga baya a bakin tekun birnin haka aka yi su, ƙasansu a buɗe.

Abin da mutanen Simeulue suka sani

Ranar 4 ga Janairu 1907 girgizar ƙasa ta taso da teku a kan Simeulue, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, cikinsu har da waɗanda suka bi ruwa tsintar kifi. Waɗanda suka rage ba su bar labarin ya mutu ba. Suka sa shi a waƙar reno, a tatsuniya, a waƙoƙin taro. Smong suke kiran wannan ruwa, kuma abin da ake gaya wa yaro gajere ne: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, in teku ya ja da baya, bar komai ka hau tudu. Shekara 97 ana maimaita shi ga mutanen da ba su taɓa ganin abin da idonsu ba. Kunne ya girmi kaka.

A ƙauyen Langi, arewacin tsibirin, ruwa mai tsayin fiye da mita 10 ya iso ƙasa da minti 10 bayan girgizar ta tsaya. Ya rushe ƙauyen. Ba a rasa ko mutum ɗaya ba, domin ƙasa na daina motsi kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, masu ƙarfi suka ɗauki tsofaffi da yara. Ba jiniya, ba rediyo, ba umarnin hukuma.

Gaskiya ne Simeulue na da duwatsu dab da bayan ƙauyuka, wanda ya gudu minti kaɗan ya isa. Mutumin Ulee Lheue ko ya san komai, kilomitoci ne a gabansa a shimfiɗe, ga cunkoso. Ba za a ce da sani kaɗai kowa zai tsira a Banda Aceh ba. Amma minti 20 na tafiyar ƙafa da sauri kusan kilomita 2 ne, kuma a birnin akwai benaye da masallatai. A ganina dubbai da yawa sun mutu ne a tsaye, suna da ƙafa suna da lokaci, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa girgizar ita ce sanarwar. Addinin mutanen wuraren biyu ɗaya ne, tawakkalinsu ɗaya, lardinsu ɗaya. Ajali na hannun Allah, sababin da ya raba su kuwa labari ne da wasu suka riƙe wasu ba su gada ba.

Gaɓoɓin nesa su ne suka fi ci mini rai, domin su awanni suka samu. Tailan da Siri Lanka da kudancin Indiya kusan awa 2, Somaliya kimanin awa 7. Cibiyar gargaɗin tsunami ta tekun Fasifik da ke Hawai ta fitar da sanarwa minti 15 bayan girgizar, ta ƙiyasta ta maki 8.0, daga baya ta ɗaga zuwa 8.5. Amma aikinta na wani teku ne. A tekun Indiya babu na'urar da za ta tabbatar da igiya ta taso, babu tsarin wanda za a kira a kowace ƙasa, ga shi Lahadi ce washegarin Kirsimeti. Siri Lanka ta rasa kimanin 35,000, Indiya kimanin 16,000, Tailan kimanin 8,000, cikinsu ƴan yawon buɗe ido da yawa. Suwidin da ke can ƙuryar Turai ta rasa mutum 543.

A Peraliya, kudancin Siri Lanka, igiyar farko ta tsayar da jirgin ƙasa cike maƙil da fasinja daga Kolombo. Ruwan bai yi yawa ba, sai mutanen ƙauyen suka ga ƙarfe ne mai nauyi, suka hau, wasu suka miƙa ƴaƴansu ta taga, wasu suka fake a bayansa. Mintoci kaɗan igiya ta biyu ta zo ta tumɓuke taragun. Fiye da mutum 1,000 suka mutu a wurin. A bakin tekun Mai Khao na tsibirin Phuket a Tailan kuwa, wata yarinya ƴar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, ta ga teku na kumfa yana abin da malaminta ya nuna musu a aji makonni 2 da suka wuce. Ta matsa wa iyayenta, aka gaya wa ma'aikatan otal, aka kwashe mutum kimanin 100. Ba wanda ya mutu a wannan gaɓa. Kenya, da labari ya riga ruwa isa, ta kori mutane daga bakin teku, ta rasa mutum ɗaya. Masuntan Hafun a Somaliya, ƙasar da ba ta da gwamnati mai aiki a lokacin, ba wanda ya gaya musu.

Bayan ruwa ya janye

Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana bayanin darajar rijiya ba. A Siri Lanka kimanin rijiyoyi 40,000 ruwan gishiri da ƙazanta suka ɓata. Masu agaji suka zo da injuna suna yashewa, a wurare da dama yawan zuƙar ya jawo ruwan teku ta ƙarƙashi, gishirin ya ƙaru. Ruwan sama ne ya wanke su sannu a hankali cikin damuna da dama. Gonakin shinkafa na Aceh ma haka: inda ruwa ke da mafita gishiri ya fita cikin shekara ɗaya ko biyu, inda laka ta yi kauri ko ƙasar ta nutse an rasa su. Domin gaɓar kanta ta sauya. A kudancin tsibiran Nikoba ƙasa ta nutse da kusan mita 4, a arewacin Simeulue ta tashi har murjani ya fito waje ya bushe.

Mutuwar ba ta raba daidai ba. Binciken ƙungiyar Oxfam a 2005 ya samu ƙauyuka a Aceh inda mazan da suka tsira suka ninka mata kusan sau 3. Maza na teku ko kasuwa ko gona, mata na gida da yara da tsofaffi, ba su gudu su kaɗai ba, kaɗan ne cikinsu suka iya iyo ko hawan itace. Sai aka wayi gari da ƙauyukan gwauraye da marayu. Iyakokin filaye sun shafe, takardun mallaka sun jiƙe, dattawan da suka san inda gonar wane ta tsaya sun mutu. Kotunan shari'ar Musulunci na lardin suka sha fama da rabon gado inda gida guda ya ƙare a sa'a ɗaya, da naɗa waliyyai ga yara masu dukiya ba iyaye.

Duniya ta yi alkawarin taimako kimanin dala biliyan 13 da rabi, a Aceh da tsibirin Nias aka gina gidaje kusan 140,000. Ranar 15 ga Agusta 2005 gwamnati da ƴan GAM suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Helsinki, da shiga tsakanin tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari, yaƙin shekara kusan 30 ya tsaya. Ba zan iya ambaton waɗannan kuɗi ban tuna halin da muke ciki a shekarar ba. Ƙarancin ruwa da fara sun cinye damunar 2004, tiyar hatsi ta yi tashin gwauron zabi, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. A watan Mayu 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema wa Nijar dala miliyan 16, abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba sai da hotunan yaranmu suka fita a talabijin ɗin Turai a watan Yuli. Mutanen Aceh sun cancanci duk abin da aka ba su. Amma bala'in da ya zo a safiya ɗaya gaban kyamara ya fi saurin buɗe aljihu a kan wanda ke cin mutane a hankali, wannan kuwa a jikinmu muka gan shi.

Wani dattijo, direban babbar mota da ya daɗe yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano, ya tare ni da tambaya a majalisa bayan la'asar. Ya ce, "Malam, yaranmu da ke Kwatano da Lome da Legas fa, irin ruwan nan zai iya cin su?" Na ce, "Baba, can da sauƙi ƙwarai, na arewa ne suka fi bukatar a gaya musu." Gaɓar Afirka ta Yamma a tsakiyar faifai take, babu inda wani ke kutsawa ƙarƙashin wani, damuwarsu zaizayar gaɓa ce da ambaliyar damuna. Bahar Rum kuwa mahaɗar faifan Afirka ne da na Turai. Girgizar Boumerdès a Aljeriya, 21 ga Mayu 2003, ta kashe fiye da mutum 2,200, ta kuma tura ƙaramar igiya da ta farfasa jiragen ruwa a tsibiran Sifen. A shekara ta 365 girgizar tsibirin Kirit ta aika ruwa cikin Iskandariyya, ta Lisbon a 1755 ta ci garuruwan gaɓar Maroko. Ƴan uwanmu na Kance da Matamaye da sauran garuruwa kuwa suna cike da biranen bakin tekun Aljeriya da Libiya. Wanda ke da ɗa a can ya gaya masa a waya: in ƙasa ta girgiza har ya kasa tsayuwa, ko ta daɗe tana motsi ko da a hankali ne, ko ya ga teku ya janye, ko ya ji rugugi daga wajensa, ya nufi tudu ko saman bene na kankare da ƙafa, kada ya jira sanarwa, kada ya sauko sai awanni sun wuce.

Namu ruwan daga sama yake zuwa. A damunar 2024 ya rushe gidaje da yawa a jihar nan, ya kayar da tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Tsofaffin garin nan sun san hanyoyin da ruwa ke bi a shekarar da ya yi yawa, da tafkunan da aka cike aka yi gini a kai. Wannan sani yana tafiya kabari da su in ba a tambaye su ba.

Abin da na'ura ta iya, da inda ta tsaya

A 2006 tsarin gargaɗi na tekun Indiya ya fara aiki ƙarƙashin hukumar UNESCO, yanzu cibiyoyi a Indiya da Indonesiya da Ostireliya ke sa ido. Akwai na'urori a ƙasan teku da ke jin nauyin ruwan da ke wucewa a kansu, su aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ga gaɓar da ke da awa 2 wannan babban abu ne, da wuya a sake ganin irin abin da ya faru a Siri Lanka. Ga gaɓar kusa kuwa lissafin bai sauya sosai ba. A girgizar 2012 sanarwa ta fita cikin mintoci, mutanen Banda Aceh suka gudu, amma a mota da babur, tituna suka toshe, benayen mafaka kaɗan ne suka hau su.

A watan Oktoba 2010 tsibiran Mentawai na yammacin Sumatara sun ga wani nau'i mai yaudara: girgiza mai maki 7.8 da aka ji a hankali amma ta daɗe, da dare. Mutane sun saba da waɗanda suka fi ta ƙarfi ba ruwa, da yawa ba su gudu ba, fiye da 400 suka mutu. A birnin Palu na tsibirin Sulawesi a Indonesiya, 28 ga Satumba 2018, girgizar ta gefe da gefe ce, irin wadda ba a cika tsoro ba, amma ƙasa ta zaftare a cikin wani siririn lungun teku, ruwa ya iso cikin ƴan mintoci. Wuta ta ɗauke, turakun waya suka faɗi, saƙon gargaɗi bai isa ga mutane da yawa ba. Girgizar da ruwan da narkewar ƙasa, wato ƙasa ta koma laka tana haɗiye gidaje, sun ci fiye da 4,000. Kakakin hukumar bala'o'i ta ƙasar a lokacin, Sutopo Purwo Nugroho, ya faɗa a fili cewa na'urori 22 masu shawagi a teku sun daina aiki tun 2012, saboda rashin kuɗin gyara da ɓarnar mutane.

Inda masana suka fi zuba ido yanzu shi ne Padang, kudu da Aceh a gaɓar yamma, birni mai mutum kusan 900,000 a shimfiɗe a bakin ruwa. Mahaɗar faya-fayan da ke gabansa ta suɓuce a 1797 da 1833, wani ɓangare ya sake motsawa a 2007, amma yankin da ke ƙarƙashin tsibirin Siberut yana nan a cije, awo na nuna yana ci gaba da tara ƙarfi. Lissafinsu shi ne ruwa zai isa birnin cikin kimanin rabin awa. Hukumomin garin sun gina benayen mafaka, sun shafa shuɗin layi a kan tituna inda ake sa ran ruwa zai tsaya, makarantu na fitar da yara atisayen gudu. Dubban ɗaruruwan mutane har yanzu gidajensu da kasuwanninsu na tsakanin wannan layi da teku.